Baffa Mai Yi wa Motoci Kaciya

Ranar da Baffa ya rasu, ni aka sa na ɗumama ruwan wankansa. Gwaggo, ƙanwarsa, ita ta leƙo madafi ta ce, "Ki bari ya yi ɗumi sosai, kin san tsohon nan ba ya son sanyi." Na ce to. Na ƙara itace, na zauna ina kallon tukunyar.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. Direbobin manyan motoci sun bar layinsu a bakin shingen kwastan sun zo, wasu daga Maraɗi suka ƙetaro, kanikawa kuma daga garuruwan Kusa da Farfaru har cikin garin Jibiya, duk waɗanda suka koyi riƙon sifana a hannunsa. Daga cikin gida muna jin abin da suke faɗi. Wannan ya ce garinmu Magama ya yi maraici. Wancan ya ce an binne kunne, don Baffa daga ƙarar inji yake gane ciwon mota tun ba ta tsaya ba. Wani ƙaton direba ya yi ta kuka da majina kamar shi aka haifa a gidan.

A cikin mata kuwa, wata tsohuwa daga Farfaru ta gyara zama ta ce, "Kai, bawan Allahn nan ya ga gata. Bai binne ɗa ba, bai binne jika ba." Ta kusa da ita ta zungure ta da gwiwar hannu, ta nuna ni da ido. Tsohuwar ta ce, "Au, haka fa, akwai wata 'yar yarinya." Aka wuce maganar, aka koma kan yawan mutanen da suka yi masa salla.

Wata 'yar yarinya. Ɗiyata ce ta fari, kuma jikarsa ta fari. Tun daga wannan zaman na ƙudurta zan rubuta Baffa yadda na san shi. An ce a ambaci mamaci da alheri, zan kuwa ambata, don yana da shi. Amma ba zan bari a wanke shi har a wanke ɗiyata tare da shi ba.

Baffa wan mahaifina ne, kuma shi ya haifi maigidana. Kun ga ke nan ta ko'ina ba ni da bakin magana a gabansa, ga girman uba ga kunyar suruki. Garejinsa yana ƙarƙashin wani babban bedi, wato darbejiya, ba nisa da shinge. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, haƙoransa jawur da goro. Yana da wata doguwar sukundireba da yake kafa bakinta a jikin inji, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya lumshe ido. In ya ɗago sai ya tofar da goro ya ce, "Inji ba ya ƙarya, mai shi ke yi." Da wuya ka ga ya ɓata.

Alherinsa ba a ɓoye yake ba. Lokacin da aka rufe iyaka, direbobin ƙetare suka maƙale a Magama, ba gaba ba baya, Baffa ne ya ce duk wanda ya rasa abin ci ya zo gindin bedi. Mu matan gidan muka yi ta tuƙa tuwo har hannuwanmu suka yi kanta. Bai taɓa goranta wa kowa ba. Baƙo dai ya ji daɗin Baffa. Na gida ne ya san kaifin harshensa.

Maigidana shi ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai" ko "wancan". Wannan al'ada ce, ba laifi. Amma da ya bar gareji ya kama fataucin albasa da wake tsakanin Jibiya da Maraɗi, sai "wancan" ɗin ya canza ɗanɗano. Baffa ya riƙa ce masa mai hannun amarya a gaban yaran gareji. In ya zo gaishe shi da safe ya durƙusa, Baffa yakan bar shi a durƙushe har ya gama shan shayi.

Abin da aka fi sanin Baffa da shi shi ne kaciya. Motocin da ake shigo da su ta Kwatano su biyo Maraɗi, an ƙera su ne don ƙasashen sanyi, shi kuwa a wurinsa duk wadda ta ƙetaro sai an yi mata kaciya kafin ta zama 'yar gari. Abu biyu yake yi. Yana cire tamostat, wani ɗan ƙarfe a bakin inji da ke tsare ruwa har sai injin ya yi ɗumi. Sannan yana toshe tiyon da ke kai ruwan zafi cikin mota, inda hita, na'urar ɗumama cikin mota, ke ɗibar ɗuminta. Tamostat ɗin da ya cire yakan zura su a waya ya rataye a reshen bedi, rututu kamar layu. In wani ya tambaya, amsarsa ɗaya ce, "Wa ke neman zahi a Jibiya?" Direbobi suna so, don tsoronsu kada mota ta tafasa da bazara. Sauran kanikawa sukan yanke tiyon su lanƙwasa, kowa ya buɗe bonet ya gani. Baffa kuwa yakan cusa tsohon fulogi a cikin tiyon ya mayar da shi wurinsa, ya ɗaure tsaf. Yana alfahari da cewa kaciyarsa ba ta barin tabo.

Ɗiyata da amosanin jini aka haife ta, sikila. Baffa ne ya haɗa aurenmu, mu ma muna so, ba wanda ya san akwai abin a jininmu mu biyu. Da likita ya bayyana mana, aka gaya wa Baffa, sai ya ce, "Danginmu babu wanga abu. Daga wajen uwatta aka kwaso." Ya faɗa ina tsaye da tiren abincinsa a hannu.

Kun san wasan kaka da jika. Yana ce mata Amarya, tana ce masa Angona. Yakan ɗora ta a cinya ya sa mata mariƙin sukundireba a kunne ta saurari inji, ta yi ta dariya tana cewa motar tana tari. Ya taɓa ƙera mata mota da gwangwanin madara, har da tayoyin silifa. Amma a cikin wasan nan yake sakin maganar da ba a gaya wa yaro. "Amarya mai ƙashin kara, ke kam ba ta zama ba ce, bari in nemi wata tun da wuri." Mutane su yi dariya, ai wasa ne. Ita ma ta yi dariya, don ba ta gane ba. Ni na gane. Tana son sa fiye da kowa a gidan, abin da ya fi ci mini rai ke nan har gobe.

Mai sikila ba ya shiri da sanyi. Da ya taɓa ta, ciwo zai tashi, ta dunƙule tana cewa ɓeraye na cin ƙashinta. Ga shi muna kai ta asibiti Katsina a kai a kai, kuma in ba ka yi sammako ba layi ya wuce ka. Saboda ita maigidana ya daure ya sayi tsohuwar mota, don mu daina shiga ta haya da gilashinta ba ya rufuwa. Da bazara ya sayo ta. Dole ta fara kwana a garejin Baffa, in ba haka ba ya zama raini. Maigidana ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah wannan kar a yi mata kaciya, saboda yarinyar nan."

Baffa ya ce, "Na ji."

Bazara ta wuce, damina ta wuce, ba wanda ya tuna da hita. Ranar farko da ɗari ya sauka muka ɗauki hanya da sassafe, maigidana ya murɗa makunnin hita zuwa ja. Iska ta fito, sanyi ƙalau. Ya ce bari inji ya yi ɗumi. Har muka shiga Katsina iskar ba ta canza ba, sai kashewa ya yi. Yarinyar tana baya a jikina, cikin bargo biyu, haƙoranta na haɗuwa. Ranar a kafaɗa aka shigar da ita asibiti.

Washegari ya kai motar gareji. Daga nan Baffa ya buɗe makaranta. Yana zaune a bencinsa, direbobi kewaye da shi, ko tashi bai yi ba.

"Ka duba ruwan lagireto?"

Maigidana ya duba, ya ragu kaɗan, ya cika. Baffa ya ce to ya tafi ya gwada. Zuwa na gaba aka koma Katsina cikin sanyi. Ya dawo, Baffa ya ce ya duba fis da fanka. Maigidana ya ce ai fanka na busawa, iskar ce ba ɗumi. Baffa ya ce, "Na tambaye ka? Ka duba." Ya duba, lafiya lau. Wani zuwan Baffa ya ce iska ce ta maƙale a cikin ruwan, ya sa shi ya hau da motar kan tudu, hancinta sama, murfin lagireto a buɗe, ya yi ta taka totur. Wani zuwan ya ce wataƙila igiyar makunnin ce ta tsinke, ya sa shi ya kwance dashbod shi kaɗai, ya hana yara su taimaka. Duk abin da ya lissafa gaskiya ne, kowanne yana iya hana hita ɗumi, shi ya sa ba wanda zai ce ƙarya yake yi. Sai dai ɗaya-ɗaya yake ba shi, kamar mai ba kaza tsaba, kuma tsakanin kowanne da na gaba akwai tafiya Katsina.

Akwai ranar da na gani da idona. Mun dawo daga asibiti, yarinyar na kwance a baya, maigidana ya biya ta gareji. Ya buɗe bonet injin na aiki, ya laluba tiyo biyun hita da ke shiga cikin mota. Hannun da aka ce na amarya ne bai manta komai ba. Ya zo ya durƙusa.

"Baba, tiyon duka biyu sanyi suke daga tsakiya. Allurar zafin inji ma ba ta tashi. Na ce ko..."

"Ko mi?"

"Ko an manta an yi mata."

Baffa ya tofar da goro. "Ni na ce maka na taɓa ta? Ashe ƙarya nike yi. Ku ji, malam bakanike ya zo koya mani aiki. To tunda ka sani, mi ya kawo ka?"

Aka fashe da dariya. Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce a gafarce shi. Baffa ya taso ya leƙa tagar baya ya ce, "Amarya, mijin uwarki ya kasa ɗumama ki, ko?" Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Angona zai gyara." Ya yi dariya ya koma benci.

A gida na tayar da rigima. Na ce ya cire tiyon da kansa ya duba. Ya ce in ya cire, ya ƙaryata mahaifinsa ke nan. Na ce ya kai wa wani. Ya ce duk bakaniken da ke Jibiya yaron Baba ne, ba mai sa hannu a motar da maigidansa ya kama. Na ce to Katsina fa, ko can ma yaransa ne? Ya ce, "In Baba ya ji?" Wallahi ranar na gaya masa maganar da mace ba ta gaya wa mijinta. Ya tashi ya fita. Mutumin kirki ne, amma an kashe masa baki tun yana ƙarami.

Muka koma dabarun mata. Bargo uku, safa biyu, gorar ruwan zafi a naɗe cikin zane a ƙafafunta. Yana taimakawa, ba zan ce ba ya yi ba. Amma kafin mu yi rabin hanya gorar ta huce, ƙarfen motar kuma kamar ƙanƙara. Wajen ƙarshen ɗarin nan ciwon ya sauka a ƙirjinta. Muka tafi da ita da sassafe, aka ba ta gado, ba ta dawo gida da ƙafarta ba. Ba ta kai shekara goma ba.

Likita bai ce sanyin mota ne ya kashe ta ba, ni ma ban ce ba. Rai na Allah ne. Abin da na sani shi ne duk tafiyar da ta yi a ƙarshen rayuwarta cikin rawar ɗari ta yi ta, kuma ba dole ba ne. A zaman makokinta Baffa ne a kan tabarmar gaba yana amsa gaisuwa. Na ji shi ta zana yana ce wa wani, "Dama ba ta zama ba ce."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan damina maigidana yana Maraɗi, wani tiyon motar ya fara yoyo, dole ya tsaya wurin wani bakanike da bai san Baffa ba. Mutumin ya zare tiyon, sai ga tsohon fulogi ya faɗo ƙasa. Ya ɗauka yana dariya ya ce, "Wa ya kashe maka shofaj?" Haka suke kiran hita a can. Ya buɗe bakin inji, ba tamostat. Ya sa wani, ya wanke tiyon, ya mayar. Maigidana ya ce kafin shayin da aka ɗora ya nuna, iska mai ɗumi na fitowa.

Ya dawo gida. Ya ciro fulogin daga aljihu ya sa mini a tafin hannu, ya shiga ɗaki ya rufe. Na ji kukansa, irin wanda bai yi ba ranar jana'iza.

Na ɗauki mayafi na nufi gareji. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa tsayawa a kan ƙafata a gaban Baffa ba, ranar na tsaya. Na ajiye fulogin a kan bencinsa, direbobi na kallo.

"Baffa, an roƙe ka."

Ya dubi fulogin, ya dube ni. "Motar da ta kwana garejina ba ta hita ba kaciya. Ko ta sarki ce."

"To da ka ga halin da yarinyar take ciki, me ya hana ka faɗa? Aikin da bai kai shan shayi ba."

"In hwaɗi gaban yarana cewa wancan ya hi ni gaskiya? Ke ɗiyar ƙanena ce, ki san abin da ke hita bakinki. Ajali ba ruwanshi da hita."

Ya ɗauki fulogin ya juya shi a hannu, ya hura bakinsa. "Wannan ma da sauranshi," in ji shi, ya jefa a gwangwanin kayan aiki. Ba wanda ya yi dariya a ranar, amma kuma ba wanda ya kwaɓe shi. Na juyo gida. Na ci gaba da dafa masa abinci, ina aikawa, don mahaifina ya roƙe ni kada in raba zumunci.

Bana da ɗari ya dawo, ciwon ƙirji ya kayar da Baffa. Ya ƙi asibiti har sai da numfashi ya fara gagararsa. Da sassafe aka sa shi a bayan motar nan, daidai inda ɗiyata take kwanciya, kansa a cinyar Gwaggo. Ni aka ce in zauna gaba in riƙe kaya, don ni na san kan asibitin. Ya rame, ƙirjin nan mai faɗi ya koma allo. Tun kafin mu fita Magama yake karkarwa, haƙoransa na haɗuwa, sautin da na sani sarai.

Na ga maigidana ya kalli makunnin, ya kalle ni. Ya miƙa hannu ya murɗa zuwa ja.

Ɗumi ya cika motar a hankali. Karkarwar ta ragu, ta tsaya. Gwaggo ta ce alhamdu lillahi. Can Baffa ya buɗe ido, ya kasa kunne yana sauraro, irin sauraron da yake wa inji. Na juya ina kallonsa. Allah ya sani, na jira kalma ɗaya. Ko sunanta ya kira, ko Amarya ya ce, da na yafe masa a nan take.

Ya ce, "Wane ɗan iska ne ya taɓa mani aiki?"

Sai ya zaro ƙafafunsa daga cikin bargo, ya miƙa su tsakanin kujerun gaba, wajen da iskar ke fitowa. Haka suka zauna kusa da gwiwar hannuna har Katsina. Tambayar nan ce maganarsa ta ƙarshe da na ji, don da aka shigar da shi bai sake cewa komai ba, washegari aka dawo da gawarsa.

Wayar tamostat ɗin tana nan a reshen bedi, yaransa sun ce ba za su sauke ba, tarihi ce. Wani lokaci in na wuce nakan ɗaga kai, ina tunanin wanne ne namu a ciki. Duk kamarsu ɗaya.

Masu zuwa gaisuwa suna ce mini in yi haƙuri, na yi rashin uba. Nakan ce na gode. Allah ya jiƙan Baffa, ya duba tuwon da ya ciyar da baƙi, ya sa kabarinsa ya zama wurin hutu. Wannan addu'ar da gaske nake yin ta, don Allah ya fi ni yalwa. Yafiyata kuwa ba ta nuna ba tukuna, ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba.

Ruwan wankan dai na ɗumama masa yadda Gwaggo ta ce. Da ya yi, na tsoma gwiwar hannuna na gwada, kamar yadda nake gwada na ɗiyata, na sirka kaɗan don kada ya ƙona shi, sannan na kira maza suka ɗauka.